Haɗa Wutsiyar Jirgin Sama a Gida: Amsoshin Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini

Tun da labari ya bazu cewa ina haɗa wutsiyar ƙaramin jirgin sama a wani ɗaki da ke bayan gidanmu a Birnin Kebbi, ban sake shan shayi a majalisa cikin natsuwa ba. Wasu tsakani da Allah suke son sani, wasu kuma so suke su tabbatar ko kaina ɗaya. Tambayoyin dai kusan iri guda ne, shi ya sa na tattara su wuri ɗaya. Jirgin da nake magana a kai RV-7 ne, mai kujera biyu kafaɗa da kafaɗa, jikinsa kusan duk alminiyam.

Wai da gaske mutum zai iya ƙera jirgi a gida, ko dai irin na tarkacen mota ne?

Hanya biyu ce, kuma ba su haɗu ba. Akwai mai tattara injin mota da buhunan tarkace ya zana jirgi daga kansa. Wannan yana da basira, amma ba zan shiga jirginsa ba. Akwai kuma mai sayen zane da sassan da injiniyoyi suka lissafa, aka gwada a sama shekara da shekaru, shi nasa haɗawa ne. Ni a nan nake.

Kamfanin Van's da ke jihar Oregon a Amurka, wanda Richard VanGrunsven ya kafa a farkon shekarun 1970, shi ne ya fi suna a wannan harka, jiragensa da mutane suka haɗa da hannunsu suka tashi sun haura dubu 10. Abin ma bai yi mana nisa ba. Jirgin Air Beetle da sojojin saman Najeriya suka yi shekaru suna koyon tuƙi da shi, RV-6A na kamfanin Van's ne aka yi wa gyare-gyare, an sayo sassan guda 60 aka harhaɗa su a Kaduna. RV-7 ƙanensa ne.

Me ake nufi da wutsiyar?

Abu huɗu ne manya, da ƙarami ɗaya. Akwai fiffiken kwance, wanda ke hana hancin jirgi yawo sama da ƙasa. Akwai fiffiken tsaye, mai hana shi waige-waige hagu da dama. Waɗannan biyun a kafe suke. A bayan na kwancen ake maƙala elebeta guda biyu, su matuƙi ke motsawa da sanda ya ɗaga hanci ko ya dukar da shi. A bayan na tsayen kuma roda take, da ƙafa ake taka ta. Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale a Yauri ya ga yadda na baya ke karkata filafili cikin ruwa ya juya jirgin gaba ɗaya, to ya fahimci roda. Ƙaramin shi ne ɗan kunnen da ke jikin elebetar hagu, wanda ke ɗauke wa hannun matuƙi nauyin riƙe sanda.

Kowannensu kamar rufin soro aka gina shi: azara doguwa mai ɗaukar nauyi, haƙarƙari a gicciye masu ba da siffa, sannan fata a lulluɓe. Bambancin kawai, a nan fatar ma tana ɗaukar nauyi.

Me ya sa aka fara da wutsiya?

Ita ce makaranta. Akwatin sassanta ya fi na sauran arha, ba ta cin wuri, kuma kusan duk abin da za ka yi a fiffike da gangar jiki sai ka fara yinsa a nan. Idan ka lalata haƙarƙari ɗaya, kuɗin sabo ba zai hana ka barci ba. Idan kuma ka gano ba ka da haƙurin aikin, gara ka gano tun kana kan wutsiya.

"Ɗana, wannan ba goran ruwan da muke zuba tukunya da shi ba ne?"

Wani dattijo maƙeri, abokin mahaifinmu, ya yi mini wannan tambayar yana jujjuya wani guntun fata a hannu. Na ce, "Baba, danginsa ne, amma ba uwa ɗaya ba." Na tukunya narkakken gwangwani ne da tsohon fistin, ba wanda ya san abin da ke ciki. Wannan kuwa ana kiransa 2024-T3, alminiyam ne da aka gauraya da jan ƙarfe kamar kashi 4 cikin ɗari, aka gasa shi da zafi aka sanyaya bisa ƙa'ida har ya yi ƙarfi. Jan ƙarfen nan da ya ba shi ƙarfi shi ne kuma ke sa shi saurin ciwo, wato irin tsatsar da ke cin alminiyam, don haka ake shafe fuskokinsa biyu da tsantsar alminiyam siriri ƙwarai, ya zama garkuwa. Kaurin fatun wutsiya tsakanin inci 0.016 ne zuwa 0.032, wato daga ƙasa da rabin milimita zuwa ƙasa da milimita ɗaya. Baba ya lanƙwasa guntun da yatsa ya saki, ya ga ya koma yadda yake, ya girgiza kai ya ce lallai ba uwa ɗaya ba.

Saboda haka kwanon rufi ko falankin alminiyam na masu taga ba za su maye gurbin ko da ɗan maƙali ɗaya ba. Haka kusoshi masu noti. Na jirgi suna da lambarsu, ƙaramin cikinsu AN3, kuma da ma'auni ake ɗaure shi, inci-fam 20 zuwa 25 kacal. Makaniken mota da sifana a hannu zai tsinke shi kafin ya ji ya fara ɗauri.

Ga masu walda birjik a gari, me ya sa ba za a yi walda ba?

Zafin walda yana kashe gashin da ya ba 2024 ƙarfinsa, kuma wurin da aka yi waldar yakan tsage. Ribit ake amfani da shi, wato 'yar ƙusa da ake baje gindinta ta riƙe ƙarfe biyu, ɗaya bayan ɗaya, a sanyi.

Wane irin ribit? Irin na jikin bas?

A'a. Na jikin bas da na tagogi mai rami ne, da filayar ja ake ja. Na RV daskararre ne, sai an dake shi. Iri biyu ne suka fi yawa: AN426 mai kai shafaffe wanda ke nutsewa ya yi daidai da fata, da AN470 mai kai kamar hular kwano wanda ake sawa a ciki inda iska ba ta bi. Kaurinsu inci 3/32 ko 1/8. In ka duba kan kowanne za ka ga ɗan ɗigo a tsakiya, alamar irin ƙarfen da aka yi shi da shi ke nan.

Dakan na mutum biyu ne a mafi yawan wurare. Ɗaya na riƙe da bindigar ribit mai aiki da iska a waje, ɗayan ya zura hannu ciki ya tokare gindin ribit ɗin da dunƙulen ƙarfe mai nauyi. Bindiga ta buga, gindin ya baje jikin ƙarfen tokare ya zama kai na biyu. Inda baki ke kusa, ana amfani da matsi na hannu, ya fi tsabta kuma ba ƙara.

Waɗanne kayan aiki ake bukata, kuma ana samunsu a nan?

Injin iska irin na masu faci ana samu, da magagari, da samfefa, da injin huda. Sauran sai an yi oda: bindigar ribit, ƙarfen tokare, matsi, bakin lotsa rami, bakin huda mai lamba 40 na ƙaramin ribit da mai lamba 30 na babba. Kada wani ya ce maka bakin milimita 3.5 na kasuwa da mai lamba 30 "ai kusan ɗaya ne".

Sai kiliko, wasu 'yan maƙalai masu sifirin da ke riƙe ƙarafa biyu ta cikin rami kafin a sa ribit. Masu launin azurfa na ƙaramin rami ne, masu launin jan ƙarfe na babba. Ɗaruruwa ake bukata. Idan aka jera su jikin fiffike sai ka ga kamar bushiya. Yaran gida suna sonsu ƙwarai, na tsinci uku a cikin tukunyar wasan 'yar autarmu.

To yaya aikin yake tafiya, daga buɗe akwati zuwa gamawa?

Mutane suna zaton aikin dakan ribit ne. Dakan shi ne ɗan ƙarshe. Aikin na rami ne.

Sassan suna zuwa da ramukansu a huje daga masana'anta. Za ka fara da goge gefen kowane ƙarfe da magagari da samfefa har ka bi da yatsa ba ka ji ƙaiƙayi ba. Haƙarƙarin kan zo a ɗan lanƙwashe saboda matsin da aka fitar da su, sai ka bi gefensu da wata filaya kana yi musu 'yan lotsa-lotsa tsakanin ramuka har su kwanta ɗas a kan tebur. Sannan ka haɗa komai da kiliko, jirgi ya fito kamar an gama, maƙwabta su zo kallo. Ka bi ramukan da ke bukatar faɗaɗawa da bakin huda. Sai ka wargaza komai.

Yanzu kowane rami, gaba da baya, sai an share masa ɗan tsinin da huda ta bari a bakinsa. Juyi ɗaya ko biyu da hannu, ba ƙwaƙule ba. Dalili: jirgi a sama girgiza yake yi ba dare ba rana, kuma tsaga daga ƙaramin ƙarzo take farawa, kamar yadda yagewar yadi ke farawa daga inda almakashi ya ɗan taɓa. Wannan ba tsoratarwa ba ce. A 2023 kamfanin Van's da kansa ya sanar cewa wasu sassan da aka huda da hasken leza suna tsagewa a bakin rami idan an lotsa su, aka shiga maye wa mutane da sababbi.

Bayan shara sai lotsawa. Ribit mai shafaffen kai yana bukatar mazauni. Idan ƙarfen siriri ne, ana matse bakin ramin tsakanin baki biyu ya lotsa kamar ɗan mazurari, na fata ya zauna cikin na haƙarƙari. Idan mai kauri ne, kamar azara, sai a sassaƙe mazaunin da baki mai ma'auni. Wanda ya sassaƙe siririyar fata ya mayar da bakin raminsa wuƙa, ribit ba shi da abin kamawa.

Sai fenti, sai a sake haɗawa da kiliko, sannan daka. Abu biyu ƙanana da nake maimaita wa duk wanda ya shigo taya ni: ba a zane a jikin alminiyam da fensir, domin baƙin fensir yana jawo masa ciwo, alƙalamin maka ake amfani da shi. Kuma ba a ja masa layi da tsinin ƙusa yadda masu gyaran jikin mota ke yi.

Ta yaya ake gane ribit ya daku daidai?

Da ma'auni, ba da ido ba, sai ido ya koya. Kafin daka, gindin ribit ya leƙo waje kamar ninki ɗaya da rabi na kaurinsa. Bayan daka, faɗin sabon kan ya kai ninki ɗaya da rabi, tsayinsa kuma rabin kaurin. Akwai ɗan ƙarfen gwaji mai rami da tsaga da ake ɗorawa a gani. Tsakanin tsakiyar rami da bakin ƙarfe kuma kada ya gaza ninki biyu na kaurin ribit.

Wanda ya karkata gefe kamar hular ɗan gaye, ko ya baje kamar waina, ko kansa na waje bai zauna ba har farce na shiga ƙarƙashi, duk ba su yi ba.

Idan an yi kuskure fa?

Za a yi, ba makawa. Ɗan yayata da ke riƙe mini ƙarfen tokare ya taɓa sakin hannu daidai lokacin da na danna bindiga a kan fiffiken tsaye. Bakin bindigar ya zame ya bar wa fatar tabo kamar jinjirin wata. Ya leƙo ta ƙasan tebur ya ce, "Kawu, a shafa masa foti a fesa fenti, wa zai gani?" Na ce iska za ta gani. Wannan tabon mun auna, bai ci ƙarfe ba, muka goge gefensa muka bar shi. Amma a makon ne na huda wani rami a maƙalin azarar baya ya matso baki fiye da ƙa'ida. Na kwana biyu ina neman dabarar da za ta ba ni izinin barinsa. Babu. Na yi odar sabo, na jira sati bakwai a kan ƙarfen da bai kai tafin hannu ba. Tsohon na rataye shi a ƙusa saitin idona.

A nan ne nake ganin mu 'yan wannan ƙasa muka fi bukatar jan kunne. Mun iya dabara, kuma abin alfahari ne: makanikenmu zai tayar da motar da masu ita suka yafe, da waya da robar tayar keke. Amma mota in dabara ta ƙare a hanyar Jega, gefen titi za ka gangara ka jira. "A lallaɓa haka" ba ta da gurbi a wutsiyar jirgi.

Cire ribit ma da ƙa'idarsa. A huda kan kaɗai, daidai tsakiya, a ɓalle shi da ɗan tsinke, sannan a turo gindin waje. Wanda ya zarce da huda har ƙasa ramin zai faɗaɗa, ya zama gyaran gangar auzinawa. Shi ya sa ribit mai ɗan muni amma cikin ma'auni gara a ƙyale shi.

Wane sashe ya fi wuya?

Masu motsin nan, roda da elebeta. Fatarsu ta fi siranta, numfashi kaɗan ta lotsa. 'Yan sandunan da ke ƙarfafa ta daga ciki ana daka su ne ta baya, a kife fatar kan faffaɗan ƙarfe mai santsi, a nan kam aikin yana da daɗi, layi ke fitowa sumul. Wahalar tana baki biyu. Bakin baya dole ya miƙe kamar zare, in ya yi ciki ko ya murɗe jirgi zai riƙa ja gefe ɗaya, matuƙi na kokawa da shi. A roda ana sa wani siririn ƙarfe mai siffar weji tsakanin fatun biyu, a manne, a daka ribit kaɗan-kaɗan ana tsallake-tsallake daga tsakiya, ana dubawa da dogon ƙarfe miƙaƙƙe. Bakin gaba kuma naɗe shi ake yi: a manna fatar jikin bututu da salatif mai ƙarfi a murɗa a hankali har ta yi baka. Na yi gumi a nan fiye da ko'ina, yatsuna sun kwana uku suna zugi.

Sannan akwai dalma da ake ɗaurawa a ƙahon gaba na kowannensu. Mutane na mamaki, ana neman rage nauyi kuma ana ƙara dalma? Idan nauyin elebeta ya rinjaya bayan maƙalinta, a gudu mai yawa tana iya kama kaɗawa da kanta kamar tuta a iskar hadari, cikin daƙiƙoƙi ta yage. Dalmar ce ke daidaita ta. Shi ya sa ba a lafta wa waɗannan sassa foti ko fenti mai kauri, kuma bayan fentin ƙarshe sai an sake auna daidaiton.

Zafinmu da ƙurarmu ba sa ɓata aikin?

Suna da nasu. Fatun na zuwa da leda shuɗiya a manne don kare su daga ƙarzo. A zafin bazara na Afrilu, da ɗaki ke haura digiri 40, ledar nan in ta daɗe sai ta kama jiki, cirewa ta zama aiki, kuma damshi kan ɓuya a gefenta. Kada a bar akwatin a rana ko ƙarƙashin kwano marar silin. Da hunturu kuma ƙura ce: ƙwayar yashi tsakanin fata da tebur ta isa ta zana layi. Ina shimfiɗa tsohon bargo, ina kakkaɓewa kafin kowane aiki.

Batun fentin ciki, masu wannan sana'a a duniya sun daɗe suna gardama a kai. Wanda ke bakin teku dole ya yi. Mu nan iskarmu busasshiya ce mafi yawan shekara, amma damina na nan, ga fadama kusa. Ni ina fesa siririn fentin kariya a haƙarƙari da azara da duk inda ƙarfe biyu suka haɗu, da sassafe kafin iska ta tashi, da abin rufe hanci na gaske, ba ƙyalle ba. Kuma a riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a tankin injin iska, in ba haka ba da damina bindiga tofi take yi.

Maƙwabta fa?

Ƙarar bindigar ribit ta-ta-ta-ta take, a jere. A halin da yankinmu ke ciki, ba sai na yi bayani ba. Kafin na daka na farko sai da na je na gaida mai unguwa, na ce, "Ranka ya daɗe, in an ji ƙara daga gidanmu aiki ne." Ya zo da kansa ya gani. Ba na daka bayan magariba, ba na yi lokacin salla. Ku ma ku toshe kunne, ku biyun.

Hukuma ta yarda da wannan?

Haɗa ƙarfe a ɗakinka daban, tashi da shi daban. Rajistar jirgi da shaidar cewa ya cancanci tashi a hannun hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, wato NCAA, suke, ita ke ba da lambar da ke farawa da 5N. A rubuta mata tun kafin a yi odar akwatin farko. A kuma ajiye littafi: ranar da aka yi kowane aiki, awa nawa, da hotuna kafin a rufe kowane sashe, domin in fata ta rufu mai dubawa ba ya ganin ciki. A Amurka ƙa'idarsu ita ce mai jirgi ya yi fiye da rabin aikin da kansa, littafin ne shaidarsa.

Jami'an tsaro ma a sanar da su da wuri. Mutanen Zamfara sun tuna yadda gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a samaniyar jihar a watan Maris na 2021. Akwati mai hoton jirgi a bayan mota tsakanin Legas da Kebbi, ba takardun kwastan a hannu, ba ƙaramin zama zai jawo a shingen bincike ba. Tuƙi kuma sai an koya a makaranta, ga ta Zariya nan tun 1964.

Babu wanda ya fi wannan sauƙi?

Akwai. Jiragen Zenith, irin su CH 701 da CH 750 da Chris Heintz ya zana, da ribit na ja ake haɗa su, mutum ɗaya ya isa, ba ƙara sosai. Alminiyam ɗinsu 6061-T6 ne, ya fi jure damshi. Ba su da gudun RV, amma suna tashi a ɗan gajeren fili. Su ma da roda ake farawa. Wanda ba shi da mai riƙe masa ƙarfen tokare ya duba can.

Nawa ka kashe, kuma yaushe za mu ga ya tashi?

Kuɗin da dala ne, ga jigila, ga kwastan, don haka duk adadin da na faɗa yau gobe ya zama tarihi. Abin da zan ce, kayan aiki da jigila sun ci mini fiye da akwatin wutsiyar kansa.

Wata tara na yi a kanta, yawanci bayan la'asar da ranakun Asabar, har da makonnin jiran saƙo da ranakun da ba wuta ba man janareto. Yanzu sassan na rataye a bango cikin tsofaffin zannuwa, saura 'yan hulunan faiba na bakinsu, waɗanda ake bari sai an zo haɗa jirgin gaba ɗaya. Na gaba fiffike ne, da tankunan mai a cikinsa, sannan gangar jiki, sannan inji da wayoyi. Mahaifiyata ta tambaya ko da shi za a kai ta Makka. Na ce, "Inna, kujera biyu ce, kuma ko filin jirgin Ambursa bai kai ba tukuna." Ta ce to a fara faɗaɗa ƙofar ɗakin, don ita ba ta ga ta inda fiffike zai fita ba. Na je na auna, tana da gaskiya.